Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Lasisi

Zuwa ga
Mai Girma Lasisin Masu Ba da Shawara Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa,
Ta hannun ofisoshinsa na jihohi 50,
Ƙasar Amurka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya, kai da ma'aikatanka da fom-fom ɗinka da na'urar nan mai amsa maka waya. Yaya aiki? Yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamaninka. Mu ma muna nan lafiya, in ban da rashin barci, ko da yake ba ka tambaya ba.

Dalilin rubuto maka wannan 'yar wasiƙa shi ne in kawo kuka. Waɗanda suka riga ni zuwa ƙofarka sun ce kada in wahalar da kaina, wai ba ka jin komai sai motsin rasit. Na ce a'a, ba zai yiwu ba. Yaya za a yi a ce wanda aka ɗora a kan masu sana'ar sauraro shi kansa kurma ne? Don haka na ɗauki biro.

Ni tafinta ce, Yallaɓai. Idan aka kwantar da wata baiwar Allah 'yar Damagaram ko Sakkwato ko zangon Kumasi a wani asibitin ƙasar nan, ba ta jin Turanci, irinmu ake kira. Na sha zama tsakanin mai ba da shawara da mai damuwa, ina ɗauko magana daga wannan ina miƙa wa wancan. Akwai abin da mace ba za ta faɗa ba muddin mutum uku ne a ɗakin. Ina ganinsa a fuskarta, ina ganin lokacin da ta haɗiye shi. Shi ya sa na yi niyyar in koma makaranta in yi digiri na biyu, in zauna a waccan kujerar da kaina, ɗakin ya koma na mutum biyu. Na nema, kuma Allah cikin ikonsa makarantu uku suka amsa. Da a gida ne da an dafa shinkafa an raba wa maƙwabta. A nan kuwa ranar da takarda ta uku ta iso ranar barcina ya ƙaura.

Bari in kwatanta maka da abin da na fi sani. Manema uku ne suka turo, kai kuma aka ce kai ne waliyyi.

Na farko jami'ar gwamnati ce, bas ɗaya ke kai ni ƙofarta, kuɗinta da dama-dama tunda ni mazauniyar jihar ce. Kwas ɗin yana ƙarƙashin sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Suna da ɗakin ganin masu damuwa nasu na kansu a cikin makaranta, inda ɗaliba za ta zauna da mutum, a ɗauki zaman a bidiyo da izininsa, bayan nan malama ta zauna da ita su kalla tare, tana tsayar da hoton tana cewa: a nan kin katse shi, a nan ya kalli ƙasa ba ki lura ba, a nan kin ba da shawara tun bai gama kuka ba. Ranar ganawa wata farfesa mai furfura ta yi mini tambaya ɗaya, ta yi shiru, ta bar ni na yi ta zuba har na faɗi abin da ban zo da niyyar faɗa ba. Na fito na ce wannan ita ce sana'ar, a wurin matar nan nake so in koye ta. Aibin manemin nan ɗaya ne: hatimin tantance kwas da ke kan takardarsa na hukumar MPCAC ne, ba na hukumar CACREP ba.

Na biyu a intanet yake zaune. Yana da hatimin CACREP, ya manna shi a goshi, ya manna a ƙeya. Kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Shi ne mai naci: safe waya, yamma saƙo, kullum wata murya mai zaƙi tana tambayata ko na shirya cika burina. Ko a zamanin 'yanmatancina ban ga zarya irin wannan ba. Da na tambayi muryar wa zai samo mini asibiti ko cibiyar da zan yi aikin sanin makama, sai zaƙin ya ragu, ta ce ai suna ba ɗalibansu 'yancin nemo wurin da ya dace da su.

Na uku ma jami'ar gwamnati ce, mai hatimin CACREP, amma tafiyar awa biyu a mota, darussa da rana tsaka, ayari guda ake shiga a fita tare. Wanda ya zaɓe ta ya yi sallama da cikakken albashi.

Da zaɓin nawa ne da tuni an shafa fatiha. Sai aka ce mini kul, kada in kuskura in amsa wa kowa sai na ji daga bakinka, domin digirin nan ba ya ba mutum izinin buɗe ƙofa ya ce wa mai damuwa bismilla. Kai kaɗai ke ba da wannan izini. To na zo neman bakin naka, a nan na gane ba ɗaya ba ne.

Yallaɓai, mutum nawa ne kai? A Tekzas da Bajiniya LPC ake kiranka. A Niyok da Fulorida kai ne LMHC. Kalifoniya da Ohayo sun san ka da LPCC, Ilinoi da Merilan kuma LCPC, Karolina ta Arewa ta ƙara maka harafi ta ce LCMHC. Na bi tarihinka don in gane inda aka samu wannan rarrabuwa. An fara haifarka a Bajiniya a 1976, ba a gama ba sai 2009, lokacin da Kalifoniya ta zama ta ƙarshe da ta yarda da kai. Shekara 33 kenan kana fitowa jiha-jiha, kowace majalisa ta yanka maka riga daidai da rigimar da aka yi a zaurenta, tsakanin masu neman a ba su wuri da waɗanda suka riga su zama, wato likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayya da ma'aikatan walwalar jama'a. A Niyok sai a 2024 aka buɗe wa masu riƙe da kai hanyar samun ikon faɗin sunan cutar da suke magani, shi ma da ƙarin sharuɗɗa da ƙarin fom. Kafin nan mutum na iya shekara goma yana zama da masu ciwon damuwa, doka ba ta ba shi bakin cewa ciwon damuwa ne ba. Ban zarge ka da wannan tarihi ba, ba wanda ke zaɓar gidan da za a haife shi. Abin da ya dame ni shi ne ni aka bar wa wankin.

Ga yadda wankin yake. Kafin in zaɓi makaranta, sai na san jihar da zan yi aiki. Kafin in san jihar, sai na san inda aikin maigidana zai kai mu nan da shekara biyar, da inda yara za su yi makaranta, da ko Hajiya za ta zo ta zauna da mu ta ce sanyin arewa ya fi ƙarfinta. Wato kana so in faɗa maka inda zan tsufa tun ban sayi littafin farko ba. Mu a tarbiyyarmu ko kasuwar gobe ba ma cewa za mu je sai mun haɗa da in Allah ya yarda. Na duba fom ɗinka sama da ƙasa, babu gurbin rubuta wannan.

Sai maganar hatimi, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. An kafa CACREP a 1981 domin ta riƙa tantance kwasa-kwasan ba da shawara, kuma abin da take nema ba laifi ba ne: kiredit 60, fannoni takwas na tushe, awa 100 na gwajin farko da awa 600 na sanin makamar aiki. Manemina na farko ya cika kiredit 60 ɗin nan cif, awoyinsa ma ba su gaza ba. To me ya hana shi hatimin? Malamansa. Ƙa'idar ta ce ginshiƙan malaman kwas sai masu digirin dakta a fannin koyar da masu ba da shawara, sai fa waɗanda suka riga suka kama cikakken aikin koyarwa a irin wannan kwas kafin 1 ga Yuli, 2013. Sashen da ya cika da masana halayyar ɗan Adam, komai iliminsu, ba ya shiga ta wannan ƙofa, shi ya sa irinsu suka koma ga ɗaya hatimin. Abin da na gano kenan bayan dogon bincike: rigima ce ta 'yan uba tsakanin sana'o'i biyu, kowace tana gadin gonarta. Ba ni na haɗa su ba, ban san lokacin da suka ɓata ba, amma a kaina ake ramawa.

Kai kuma ka ƙi tsayawa wuri ɗaya. A jihohi da yawa ba ruwanka da sunan hatimi, darussa kake ƙirgawa. A Ohayo, tun 2018, wanda ya yi karatu a makarantar cikin jihar sai da CACREP. Fulorida daga Yulin 2025 ta ce sai makaranta mai hatimi, amma ta karɓi duka biyun. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ke cikin manyan masu ɗaukar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, hatimin CACREP take dubawa. Yau jihata ba ta damu ba. Gobe fa? Majalisa ba ta yi mini alkawarin ba za ta zauna ba.

Na ce to bari in tambaye ka kai tsaye, tunda tambaya ba ta ɓatar da mutum. Na rubuta wa ofishinka na jiharmu cikin ladabi, na haɗa da jerin darussan makarantun uku, na ce don Allah wanne ne zai wuce a wurinku? Amsa ta zo da sauri, har na yi murna. Ta ce an karɓi saƙona, ana godiya, amma ofis ba ya duba cancantar karatu sai bayan an kammala shi, an cika fom, an biya kuɗin dubawa. A tuntuɓi makaranta. Na tuntuɓi makaranta. Tun 2020 dokar tarayya ta wajabta musu su bayyana jihohin da digirinsu ya cika wa sharaɗi, kuma sun bayyana, a wani dogon jadawali. A ƙasansa, da ƙananan haruffan da sai da na nemo tabarau, an rubuta cewa sharuɗɗa na iya canzawa a kowane lokaci, ɗalibi ya tabbatar daga ofishin lasisi.

Baba Lasisi, a ina aka taɓa yin haka? Waliyyi ya ce je ki ki yi auren, ki tare, ki haihu, ki yaye, sa'an nan ki dawo da kuɗin shayi in gaya miki ko auren ya ɗauru?

Bari in numfasa, in koma maganar awoyi, domin na lura ita ce ka fi so. Awa 600 idan aka raba ta a zangon karatu biyu na mako 15, awa 20 kenan kowane mako, a cibiyar da galibi ba ta biyan ko sisi. Ba ma rashin biyan ba: ɗaliba ce ke biyan makaranta kuɗin kiredit ɗin aikin da take yi kyauta. Cikin 600 ɗin nan, 240 dole su zama ido da ido da mai damuwa. Idan mutumin ya fasa zuwa, saboda bas ya wuce shi ko saboda ciwon da ya sa aka ba shi lokacin ya hana shi tashi daga gado, awar ba ta shiga lissafi. Sai ka ga ɗaliba tana jin haushin mara lafiya don ya yi rashin lafiya. Wannan tarbiyyarka ce, Yallaɓai, ba halinta ba ne.

Kuma duk wannan share fage ne. Bayan an sa hula an yi hoto, sai a shiga zaman jiranka na gaskiya, ƙarƙashin mai sa ido. Tekzas awa 3,000, Niyok 3,000, Kalifoniya 3,000 cikin aƙalla mako 104, Bajiniya 3,400, Fulorida shekara biyu da awa 1,500 ido da ido. Awa 3,000, ko da mutum yana yin 40 a mako ba hutu ba jinya ba suna ba biki, mako 75 ne. A wurare irin su Tekzas sau da yawa sabon ma'aikaci ne ke biyan mai sa idon daga aljihunsa. Sa'an nan jarrabawa, ita ma biyu ce, NCE da NCMHCE, wata jiha wannan take so, wata waccan. Idan kuma tsautsayi ya sa aka yi ƙaura ana tsakiyar tara awoyi, sabuwar jiha na iya duba mai sa idon da aka baro ta ce ba ta san shi ba.

An ce mini in kwantar da hankalina, akwai yarjejeniyar da jihohi suka ƙulla don masu riƙe da kai su riƙa aiki a ƙetaren iyaka. Na duba. Jojiya ce ta fara sa hannu a 2021, zuwa 2022 suka cika goma, yanzu sun haura 30. Madalla, Allah ya sa albarka. Sai dai Kalifoniya da Niyok ba su shiga ba, kuma a Niyok ɗin ne, a unguwar Buronks, mutanenmu na Afirka ta Yamma suka fi taruwa. Ban da haka yarjejeniyar ta wanda ya riga ya same ka ne cikakke. Ɗaliba da mai tara awoyi ba su da rabo a ciki. Wanda ya ƙoshi aka ƙara wa tuwo.

Na san ba ka son maganar kuɗi in ba naka ba, amma ka daure. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na ƙasar nan ya ce a watan Mayun 2024 matsakaicin albashin masu wannan aiki, haɗe da masu taimaka wa 'yan shaye-shaye, dala 59,190 ne a shekara, kuma sabon shiga mai jiranka ƙasa da haka yake farawa. Bashin karatu na gwamnatin tarayya dala 20,500 ne a shekara, ɗaya bashin da ake cike giɓi da shi, Grad PLUS, dokar 2025 ta rufe shi ga sababbin ɗalibai daga 1 ga Yuli, 2026. Manemina na intanet bai taɓa kawo wannan lissafi a hirarmu ba. Ni na yi shi da kaina a bayan ambulan, na ga idan na bi shi, 'yata ta fari za ta shiga jami'a ina kan biyan tawa.

Wata ƙawata da ta ga ina rama ta ce in rabu da ku duka in auri ɗan uwanku, wato in yi digirin aikin walwalar jama'a. Ta ce nasu lasisin ya fi naka shiga ko'ina, asibitoci sun fi saninsa. Ba ƙarya ta yi ba. Medicare, inshorar tarayya ta masu shekara 65 zuwa sama, ta karɓi ma'aikatan walwala tun dokar 1989, masu riƙe da kai kuwa sai 1 ga Janairu, 2024 aka buɗe musu ƙofa. Shekara talatin da 'yan kai kana tsaye a waje, Yallaɓai, da rana da ruwan sama. Na ɗauka wanda ya ɗanɗani jira irin wannan zai ji tausayin masu jira. Ban bi shawarar ƙawata ba, domin ni zaman ɗakin nan nake so in ƙware a kai tun daga ranar farko, amma ka sani na yi tunanin barin ka, kuma ban ji kunya ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan, ka matso da kunnen da ya fi dama. A 1957 masanin halayya Carl Rogers ya rubuta cewa abin da ke sa mutum ya samu sauƙi a ɗakin nan shi ne ya tarar da wanda ke jin abin da yake ji, ya karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, kuma ba ya yi masa fuska biyu. An yi ta gardama da shi, an yi ta bincike, har yau abin da ke fitowa a kai a kai shi ne amanar da ke tsakanin mutum biyun tana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko za a dace, kowace irin hanya aka bi. Bruce Wampold ya tara hujjojin wannan a littafinsa na 2001. A 2016 kuma shi da Simon Goldberg da abokan aikinsu suka bi sawun masu wannan aiki 170 da mutanen da suka gani sama da 6,500, suka tarar cewa a jimlace daɗewa a aiki ba ta ƙara musu nasara ba, har ma ta ɗan ja baya kaɗan, ko da yake wasu ɗaiɗaiku sun ci gaba. Ka ji ko? Tarin awoyi shi kaɗai ba ya koya wa mutum sauraro. Abin da ake sa ran zai koyar shi ne wani ya zauna da kai ya nuna maka daidai inda ka kauce, ka koma ka gyara, ka sake dawowa. Wato abin da farfesar nan mai furfura take yi da bidiyonta.

Na karanta sharuɗɗanka na jihohi da dama har idona ya yi ja. Na ga kiredit, na ga awa, na ga hoton yatsu, na ga kuɗin fom. Ban ga inda ka tambaya ɗalibai nawa malami ɗaya ya san sunansu ba. Ban ga inda ka tambaya ko an taɓa koya wa mutum abin da zai ce idan dattijo ya gaya masa iska ce ta taɓa 'yarsa, kuma sun riga sun je wurin malam an yi ruƙiyya. Littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM-5 na 2013 ma, wanda ba a san shi da sakin fuska ba, ya sa tambayoyi 16 da za a yi wa mara lafiya a ji yadda shi da danginsa suke fahimtar ciwon. A Aro ta Abekuta, tun 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Darasi ɗaya kake nema a kan al'adu, kiredit uku, a yi a wuce. Manemin da ya yi shi da gaske da wanda ya yi shi don cika fom, a wurinka duk ɗaya ne.

Kada ka ɗauka mutuwarka nake fata. Wallahi a'a. Na fito daga inda aka san abin da rashinka ke haifarwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu don a gyara musu hali. Nijeriya sai a Janairun 2023 ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan ta shekara da shekaru a kan ta 1958. Wanda ya san wannan ba zai ce a bar kowa ya kafa allo ya ce shi mai magani ne ba. Ina son a yi gadin ƙofar nan, kuma da hannuna zan miƙa maka takarduna. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: mai gadi ya faɗi abin da yake nema tun mutum yana bakin hanya, kuma ya faɗi abu ɗaya.

To ga inda muka kwana. Ranar Juma'a wa'adin kafin alƙalami yake cika. Na yi istihara, na yi shawara da maigida, na sake yin lissafin bayan ambulan. Na uku zan bi, mai nisan nan. Zan rage aikin tafinta zuwa dare da ƙarshen mako, in riƙa kama hanya bayan asuba, maƙwabciyata ta riƙa ɗauko mini yara. Makaranta ce mai kyau, ban raina ta ba, wataƙila ma in tarar da wata mai furfurar a can. Amma ina so ka rubuta a fayil ɗina, in kana da wurin rubuta irin wannan, cewa ba don ta fi ba na zaɓe ta. Tsoronka ne ya zaɓa. Jiya na zauna na rubuta wa farfesar nan takardar ban haƙuri, na rasa dalilin da zan ba ta wanda ba zai ba ni kunya ba, daga ƙarshe na rubuta mata gaskiya: hatimi. Ta amsa da layi biyu, ta ce ta gane, ba ni ce ta farko ba.

Saura gargaɗi, kuma ina yin sa cikin girmamawa. Waɗanda suka riga ni sun ce in adana takardar manhajar kowane darasi har abada, domin kana iya tasowa bayan shekara goma sha biyar, a wata jiha, ka ce a kawo maka shaidar abin da aka koyar a mako na bakwai na wani darasin da malaminsa ya riga mu gidan gaskiya. Na ji. Na sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A ciki zan zuba manhajoji, da takardar kowace awa da sa hannun mai sa ido, da rasit ɗin kowane fom. A saman su duka na riga na ajiye sharuɗɗanka na yau, na buga su a takarda, da kwanan wata a kowane shafi.

Nan da shekara biyar ko shida, in Allah ya kai mu da rai da lafiya, zan iso. Idan na tarar ka ƙara kiredit uku a bayan idona, ko ka sauya jarrabawa, ko ka sake suna, ba zan rubuto wasiƙa ba. Zan ɗauko akwatin nan in zo ofishinka da tabarmata da fulas ɗin shayi, in zauna a gaban tagar nan da ba a buɗewa, in fara karanto maka shafi na ɗaya da ƙarfi. An koya mini zama da mai shiru, kuma kai ka sa aka koya mini, awa dubu uku da ɗari bakwai.

Ka gaishe da na'urar amsa waya. Ka ce mata na danna ɗaya, na danna huɗu, na danna sifili, duk na gode.

Haza wassalam.

Ni ce taka mai biyayya, ba don ta so ba,
Wata tafinta,
Mai jiran lambar fayil.